Gajeren Baka da Zaɓen Kibiya a Tarihin Hausawa: Daga Tabkin Kwatto Zuwa Oshodi

1.0 Gabatarwa

Manazarta tarihin yaƙi a ƙasar Hausa sun fi ba da ƙarfi ga doki da abin da ya rataya a wuyansa, wato lifidi da sulke da kwalkwali, da barade masu mashi da takobi. Dalilin haka a fili yake, domin barade makaɗan fada suke wasawa, kuma su marubuta tarihin sarauta suka fi gani. Ɗan baka kuwa dakare ne, yawanci talaka ko bawa, ba safai akan kula da shi ba. Wannan maƙala za ta dubi makaminsa, ta kuma yi ƙoƙarin nuna cewa ƙarfin maharbin Bahaushe a kibiya yake, kuma wajen zaɓenta ne gwaninta take bayyana.

Abin da ya jawo hankalina ga wannan batu shi ne wani baka da na gani a hannun wani dattijo a Oshodi, bayan da aiki ya kawo ni Legas. Tsohon maigadi ne, mutumin ƙasar Katsina, bakan kuma na farauta ne da ya gada daga mahaifinsa. Tsawonsa bai wuce ƙirjin mutum ba idan an kafa shi a ƙasa, kuma kawunansa biyu sun ɗan lanƙwashe zuwa gaba.

2.0 Sigar Baka da Kibiya

Bakan Hausa itace guda ne, ba haɗin ƙaho da jijiya ba irin na Turkawa da Mongol. Akan gasa itacen a wuta a tanƙwara shi, wani lokaci a mai da kawunan gaba kamar yadda na gani a Oshodi, sannan a ɗaura masa tsarkiya ta murɗaɗɗiyar fata. Wannan lanƙwasa tana ƙara wa gajeren baka ƙarfin tunkuɗa, gajartar kuma tana sauƙaƙa wa maharbi kutsawa cikin sarƙaƙiya da harbi daga tsugune. Duk da haka, bakan itace mai wannan tsawo ba ya kai kibiya nesa da ƙarfin da za ta kashe babbar dabba nan take.

Kibiya kuwa ta ƙunshi abubuwa biyu: kyauro, wanda kara ne mara nauyi da ke fitowa a bakin rafi da fadama, da kuma ƙarfen da maƙeri ya ƙera aka soka a kansa aka naɗe da jijiya ko zare. Tsawonta bai cika wuce ƙafa biyu ba. Abin da ya fi bambanta ta da kibiyar Turai shi ne ba a sa mata gashin tsuntsu a gindi. Tun da babu gashin da zai daidaita ta a iska, dole ne nauyi ya taru a kai, domin kan ya ja sauran jikin a bayansa. Idan ƙarfen ya yi ƙaranci sai ta yi ta wutsil-wutsil ta faɗi a gicciye; idan ya yi yawa sai ta nutse tun kafin ta kai.

Dattijon nan ya nuna mini yadda ake zaɓe. Yakan ɗora kyauro a ido ya juya shi ya ga ko ya miƙe, ya ɗan lanƙwasa shi tsakanin hannuwa ya ji taurinsa, sannan bayan an sa ƙarfe ya ɗora kibiyar a kan yatsa ya ga inda ta tsaya, wanda dole ya kasance kusa da kai. Batun tauri shi ne ya fi burge ni. Duk kibiya tana lanƙwasa a lokacin da tsarkiya ta tunkuɗa ta, kuma sai lanƙwasar ta dace da ƙarfin bakan sannan take zagaye jikinsa ta tafi sak. Mai laushi ga baka mai ƙarfi takan kauce gefe ɗaya, mai tauri ga baka mara ƙarfi ta kauce ɗaya gefen. Masu wasan harbi na Turai da Amurka da na'ura suke auna wannan a yau. Maharbanmu da tafin hannu suka san shi. Saboda haka ne maharbi ba ya son aron kibiya, domin kowane kwari da bakansa aka tara shi.

Ƙarfen ma iri-iri ne. Akwai mai kunne, wato mai ƙayoyi da suka juya baya don kada ta zaru, akwai kuma siriri mara kunne na ƙananan dabbobi.

3.0 Dafi

Abin da gajeren baka ya gaza, dafi ne ya cika shi. Dalziel, a cikin littafinsa na sunayen tsirrai na Hausa (1916), da Bargery a ƙamusunsa (1934), duk sun kawo kwankwani a matsayin tsiron da ake dafin kibiya da shi. 'Ya'yansa ake dakawa a dafa har su yi kauri, a kan haɗa da wasu abubuwa irin su ruwan tinya, sannan a shafa a wuyan ƙarfen. Sinadarin da ke cikinsa zuciya yake kamawa ya tsai da ita. Wani ɗan'uwan wannan tsiro daga gabashin Afirka shi ne Thomas Fraser na Jami'ar Edinbara ya fitar da maganin ciwon zuciya daga gare shi a 1885.

Da zarar an fahimci wannan, sai sigar kibiyar ta fito sarai. Ba a bukatar ta huda dabba ta fita; abin nema shi ne ta shiga ta maƙale har dafi ya bi jini, kuma aikin kunnuwa ke nan. Maharbi sai ya bi sawu ya yi sauri ya yanka kafin rai ya fita, ya kuma yanke naman da ke kewaye da raunin ya yar.

4.0 A Fagen Fama

Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji (1390–1410) shi ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. A ganina, lifidi shaida ce ta tsoron da ake yi wa kibiya, domin audugar da aka cusa a cikinsa tana tare ƙarfe mara nauyi kafin ya taɓa fata, kuma ƙwarzane kaɗai ya isa idan da dafi.

Ranar da 'yan baka suka fi yin suna ita ce ta Tabkin Kwatto, cikin watan Yuni 1804. Sarkin Gobir Yunfa ya zo da dawaki masu lifidi da taimakon Buzaye, jama'ar Shehu kuwa, a ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo, dawakinsu ba su wuce kimanin 20 ba. Kibau ne suka karya rundunar Gobir. Ya kamata a faɗa cewa da yawa daga cikin maharban wannan rana Fulani makiyaya ne, don haka fasahar ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Bayan an kafa daula sai doki ya koma matsayinsa, kamar yadda Smaldone (1977) ya nuna, amma yawancin dakaru ba su ajiye baka ba har zuwan Turawa.

Bindiga mai ruwa ce ta kawo ƙarshen wannan zamani, domin tana kashewa daga nisan da kibiya ba ta kaiwa. Duk da haka, a Burmi, ran 27 ga Yuli 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada, kibiya mai dafi ce ta kashe Manjo Marsh, jagoran sojan Ingila. A Satiru ma, cikin Fabrairu 1906, talakawa masu gatura da fartanya da kwari da baka sun kashe Turawa uku, kafin a dawo a watan Maris a shafe garin.

5.0 Baka a Legas

A Legas, da bindiga aka fara sanin Bahaushe a matsayin mayaƙi. A 1863 Glover ya kafa ƙaramar rundunarsa ta Hausawa, yawancinsu bayi da suka gudu, kuma ita ce ake ɗauka a matsayin tushen sojan Nijeriya. Sunan Oshodi kansa ana danganta shi da Oshodi Tapa, Banufe, sarkin yaƙin Kosoko, wanda ya rasu a 1868. Baka ya biyo baya ne ta wata hanya dabam. Da layin dogo ya isa Kano a 1911, fatake suka yawaita a Agege saboda goro, 'yan ci-rani kuma suka bazu a garuruwan da ke kan layin, har da Oshodi. Da yawa daga cikinsu gadi suka kama, kuma maigadi da kwari da baka a ƙofar kanti ko masana'anta ya zama sanannen abu a birnin har cikin shekarun 1990. Dattijon ya ce mini a shekarunsa na gadi bai taɓa shafa dafi ba. Sanin da ɓarayi suka yi cewa kibiyar Arewa tana da dafi shi ya yi masa aiki.

Ga masu nazarin harshe, abin lura shi ne yadda kalmomin suka rabu biyu. Wasu sun rayu ta hanyar faɗaɗa ma'ana: harbi ya koma ga bindiga, bayan na jaki da na kunama, muna da bakan gizo, da sarautar Sarkin Baka, da alamar kibiya a kan titi da kwamfuta. Waɗanda suka shafi sana'ar kanta kuwa suna ɓacewa. Na gwada samari 'yan Agege da kalmomin kyauro da tsarkiya da kwankwani, ban sami wanda ya san ko ɗaya ba, alhali Hausarsu ba ta da laifi. Dattijon kansa kibau bakwai suka rage a kwarinsa, biyu sun tsage. Ya ce karan da ya samu a nan ya yi wa bakan tauri, don haka ya ba wani direban motar shanu saƙo ya taho masa da kyauro daga gida idan kaka ta yi.