Iyakar Illo da Jinkirin Shigowar Mishan a Ƙasar Bagudo

Duk mai nazarin tarihin Mishan a ƙasar Bagudo, a ganinmu, wajibi ne ya fara da yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898. Ita ce ta bar Illo a hannun Ingilishi, ta kuma raba Busawa da Kyangawa da 'yan'uwansu na Dahomey, wato Jamhuriyar Benin ta yau. Bayan haka Turawa suka cire Illo daga Borgu suka haɗa ta da masarautar Gwandu.

Wannan sauyi shi ne tushen al'amarin. Lugard ya yi alkawari a Sakkwato a 1903 cewa ba za a taɓa addinin jama'a ba, saboda haka razdanoni suka riƙa taka wa Mishan birki a ƙasashen sarakunan Musulunci. Ƙauyen da ke bin addinin gargajiya ma, muddin yana ƙarƙashin Gwandu, hukuncinsa ɗaya ne da na birni. Shi ya sa Mishan ɗin UMS ya kafu a Zuru tun shekarun 1920, ita kuwa SIM ba ta sami ƙofa sosai a Lardin Sakkwato ba sai ta hanyar jinyar kutare a Amanawa, a ƙarshen shekarun 1930.

A ƙetaren iyaka, SIM ta sauka Kandi a 1946, daga bisani ta isa Segbana, inda aka fassara Littafi Mai Tsarki cikin harshen Boko, ɗan'uwan Busanci na Illo. Don haka tarihin majami'un ƙauyukan iyakar nan ba zai cika da takardun Kaduna kaɗai ba. Dole ne mu leƙa na Faransanci.