Ƙwaƙwalwar salula: yadda ake tsara ɗakuna da wayoyin cikinta

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar mai gyaran salula a kasuwar Tasawa ko ta Mayahi ya ga wasu ƴan baƙaƙen abubuwa masu kusurwa huɗu manne a jikin allon salular. Su ne ƙwaƙwalwarta. A cikin kowanne akwai ɗan falle na silikon, wani sinadari da ake tacewa daga yashi. A kan fallen nan ake zana maɓallan wuta ƙanana ƙwarai, waɗanda ake kira tiransisto. Aikin kowane ɗaya shi ne ya buɗe wa wuta hanya ko ya rufe.

A shekarar 1958 Jack Kilby ya haɗa irinta ta farko a Amurka. A 1959 Robert Noyce ya samo dabarar shimfiɗa wayoyin a jikin fallen kansa, maimakon a ɗaura su da hannu. Wadda kamfanin Intel ya fitar a 1971 tana da tiransisto 2,300. Ta babbar salula a yau ta haura biliyan 10.

To, yaya ake haɗa wannan taro ba tare da ya cakuɗe ba? Masu zane suna yi kamar masu yanka filaye a sabuwar unguwa. Sukan tara tiransisto kaɗan su zama ɗaki guda mai aiki ɗaya. Ɗakunan duka tsayinsu ɗaya, faɗi ne kawai ke bambanta, saboda haka sai su jeru a layi kamar shukar gero. Wayar da ke kawo wuta tana bin gefen layin ɗaya, wadda ke mayar da ita tana bin ɗaya gefen.

Wayoyin da ke kai saƙo daga ɗaki zuwa ɗaki su ne aiki mai wuya. Ba za su ishi wuri ɗaya ba, don haka ake gina su hawa-hawa, sau da yawa fiye da hawa 10. Na wannan hawa suna tafiya a miƙe, na samansa a gicciye. Mai saƙar tabarma da kaba zai gane wannan, sai dai a nan tilas kada su taɓa juna, in ba ta wata ƴar ƙofa da aka huda musamman ba. Na ƙasa sirara ne, na sama masu kauri domin ɗaukar wuta mai yawa. Da alminiyam ake yin su a da; daga 1997 kamfanin IBM ya fara amfani da jan ƙarfe. Idan mai zane ya nisanta ɗakuna biyu masu yawan magana da juna, waya za ta yi tsawo, saƙo ya yi jinkiri, batir kuma ya ƙare da wuri.

Waɗannan wayoyi sun fi silin gashi siranta sau ɗaruruwa. Idan ɗaya ta tsinke babu mai iya ɗinke ta. Mai gyara sai dai ya cire ƙwaƙwalwar ya sa wata, in an samu. Zafi da wuta mai hawa da sauka su ne manyan abokan gabarsu. Kamfanin Apple ya ce a yi amfani da salularsa a zafin da bai wuce digiri 35 ba, alhali a jihar Maraɗi bazara takan haura 40. Saboda haka kada a bar salula a rana ko a kan kwano lokacin caji, musamman a wurin masu caji da hasken rana. Idan ta yi zafi a hannu, a cire ta, a ajiye a inuwa har ta huce.