Haɗurran Aikin Gona da Horar da 'Yan Ƙodago a Salaga, Yendi da Bawku

Noma shi ne babbar sana'ar mutanenmu a arewacin Ghana. Ƙasar Salaga da Yendi sun shahara da doya da masara, Bawku kuwa da gero da albasar rani. Masu manyan gonaki sukan ɗauki 'yan ƙodago don sharar daji, tada kunyar doya, feshi da girbi, kuma galibi ba a koya musu komai game da kiyaye kai kafin su kama aiki. Haɗurran da suka fi samun su uku ne.

Maganin feshi

Maganin ciyawa da na ƙwari suna shiga jiki ta fata, ta hanci da ta baki. Daga alamomin gubar maganin ƙwari akwai zubar miyau, yawan gumi, amai, jiri da sarƙewar numfashi. A ƙarshen shekarar 2010 an ba da rahoton mutuwar manoma 15 a jihar Upper East, inda Bawku take, kuma an danganta yawancinsu da ajiye magani kusa da abinci. Saboda haka kada a ajiye shi a rumbu ko ɗakin kwana, kada a zuba ruwan sha ko mai a jarkarsa. Mai feshi ya sa safar hannu, takunkumi da takalmin roba, ya ba iska baya. Wanda ya kwaɓe shi a cire masa tufafi, a wanke shi da sabulu. Wanda ya haɗiya kada a ɗura masa manja ko madara, a kai shi asibiti tare da kwalbar maganin.

Saran maciji

Kububuwa ce ta fi yi wa manoman yankin nan illa. Dafinta yana hana jini daskarewa, har dasashi ya riƙa zubar da jini. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin cututtukan da aka yi sakaci da su. Kada a tsaga wurin, kada a tsotse, kada a ɗaure da igiya. A hana gaɓar motsi, a garzaya asibiti, domin allurar kashe dafi ce maganinsa.

Kayan aiki

Adda, garma da injin casar masara suna jawo yanka da guntulewar yatsu. A kashe inji kafin a sa hannu ciki, kuma kada a ɗora mutane a kan tirelar tarakta da aka cika da kaya.

Abin da doka ta ce

Dokar Ƙwadago ta Ghana ta 2003, mai lamba 651, ta ɗora wa mai ba da aiki horar da ma'aikaci da ba shi kayan kariya kyauta, kuma ya kai rahoton haɗari ga hukuma cikin kwana 7. Ta kuma bai wa ma'aikaci ikon janye jiki idan ya ga haɗari na kusa. Dokar diyya ta 1987 ta tanadi biyan wanda ya ji rauni a bakin aiki.

A fiƙihunmu ma haƙƙin ɗan ƙodago bai tsaya ga lada ba. Wanda ya san illar abu, ya sa wani aiki da shi bai sanar da shi ba, yana da alhaki. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta ɗauke wa mai gona wannan nauyi. Allah Ya kiyaye mu, amin.