Kogin Haɗejiya: Masu Shiri Tun Farko Da Masu Bin Ruwa

Kogin Kano da Kogin Calawa su ne su ke haɗuwa su zama Kogin Haɗejiya. Idan ya wuce garin Haɗejiya sai ya shiga shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ya rarrabu tsakanin jigayi, ya malala cikin fadamu har wajen Nguru da Gashuwa. Tun kaka da kakanni mutanen wannan ƙasa ba su sanin inda ruwan bana zai tsaya sai ya zo. Saboda haka ba su yanke shawarar noman shekara a zama ɗaya. Da ruwan fari manomi ya kan shuka gero a jigawa, ya zuba shinkafa a fadama kafin kogi ya kawo. In ruwa ya yi yawa ya cinye shinkafar, sai ya ɗauki gora da koma ya shiga su. In kuwa ya janye da wuri, sai ya bi danshi da wake. Bayan an kau da amfani Fulani su gangaro da shanu. Kowane aiki sai an ga yadda na gabansa ya kasance.

A shekarar 1974, bayan babban farin nan na 1973, aka gama madatsar ruwa ta Tiga, zamanin Gwamna Audu Baƙo. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, sa'an nan a 1992 aka gama madatsar Calawa. Hanyar injiniyoyi dabam ce da ta manoma. Sai sun auna ƙasa, sun zana taswira, sun lissafa ruwan shekaru masu zuwa, kana a sari ƙasa. Ba kuwa laifinsu ba ne, don ba a gina rabin madatsa a ce bari a gwada. Amfaninta kuma a fili ya ke, Birnin Kano ya sami ruwan sha, manoman Kadawa da Kura suka sami noman rani.

Amma lissafin ya fi kula da na sama, bai hango abin da zai auku a ƙasa ba. Ambaliyar damina ta ragu. Da rani kuwa, lokacin da kogi ya saba ƙafewa, sai ga ruwan da a ke saki daga madatsa yana gudu ba yankewa. Abin da kacalla ta ke so ke nan. Ta tsiro ta cika hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta, waɗansu hanyoyi suka toshe. Ruwa ya karkata mashigin Marma zuwa Nguru, ya kwanta a gonakin mutane shekara da shekaru, alhali waɗansu garuruwa suna kukan rashinsa. Jan-baki kuma ya sami wurin kwana cikin kacallar, yana fita da safe ya afka wa hatsi. Mafi ciwo shi ne, manomin da ya iya karanta kogi ya rasa alamomin da ya ke dubawa, don yanzu cikar ruwa tana bin buɗe ƙofar madatsa.

Irin wannan gardama ta taɓa tashi tsakanin masu rubuta manhajar kwamfuta, watau umurnin da na'urar ke bi ta yi aiki. Da fari hanyar magina suka ɗauka, a rubuta dukkan bukata, a zana, a gina, sai a ƙarshe a gwada. Tun a 1970 wani injiniya a Amurka, Winston Royce, ya yi kashedi cewa barin gwaji sai ƙarshe yana da haɗari. A 2001 mutum 17 daga cikinsu suka taru a jihar Yuta, suka yarda a riƙa yin aiki guntu-guntu, ana nuna wa mai shi, ana gyarawa. Su dai abin ya zo musu da sauƙi, gama goge rubutu ba kamar rushe madatsa ba ne.

A kan kogin kuwa gyara ya yi jinkiri. Sai a 2006 gwamnonin jihohin da ruwan ya shafa suka taru a Damaturu, suka kafa asusun kula da shi. Mutanen ƙauyuka ba su jira wannan ba. Su kan kira gayya, su shiga kwalekwale da lauje su sare kacalla su buɗe wa ruwa hanya, in ta sake tsirowa su sake komawa.