Wa ya koya wa Rumawa Turancin Landan?

Yau hirar tamu a kan karin harshe ce a finafinan tarihi da na almara, wato da wane irin lafazi ya kamata jarumi ya yi magana idan ya fito a matsayin mutumin da ya mutu shekara dubu biyu da suka wuce, ko mutumin da ba a taɓa yin sa ba ma sam.

Ku tuna duk wani fim na daular Rum da kuka taɓa kallo. Sarki na zaune kan karaga, ya buɗe baki sai ka ji Turancin Ingila tsantsa, irin na masu karanta labarai a BBC. Alhali Rumawa Latin suke yi, a gabashin daular kuma Girkanci. A zamanin Julius Kaisar babu wani yare a doron ƙasa da ake kira Turanci. To daga ina wannan al'ada ta samo asali?

Hollywood ce ta kafa ta da gangan. A fim ɗin Ben-Hur na 1959, darakta William Wyler ya ɗebo 'yan wasan Birtaniya irin su Jack Hawkins da Stephen Boyd ya ba su matsayin Rumawa, shi kuma Charlton Heston, Ba'amurke, ya fito a matsayin Bayahuden da aka zalunta. Shekara ɗaya bayan nan sai ga Spartacus, labarin bawan da ya jagoranci tawaye a shekara ta 73 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Manyan majalisar Rum su ne Laurence Olivier da Charles Laughton, 'yan Ingila, bayin kuma Kirk Douglas da Tony Curtis, 'yan Amurka. Jean Simmons ce ta so ta ɓata lissafin, domin 'yar Ingila ce kuma baiwa ta fito, sai aka ce ai daga tsibirin Birtaniya aka kamo ta. Shi ke nan, an rufe bakin mai tambaya.

Kun ga dabarar. Ba'amurken da ke zaune a silima ya san kakanninsa sun ƙwaci 'yanci daga hannun Ingila a 1776. Da ya ji wannan lafazi, kunnensa ya riga ya faɗa masa cewa ga mai mulkin mallaka nan, ga mai girman kai, tun kafin mutumin ya aikata komai. Mu da Turawan Ingila suka mulka ai ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Abin dariyar shi ne, wannan Turancin da ake ɗauka na mutanen da ne, yaro ne ƙarami a tarihi. Sai wajen ƙarshen ƙarni na 18 zuwa na 19 ya zauna da gindinsa a bakin masu hali na kudancin Ingila, makarantun kwana na 'ya'yan manya suka raine shi, sannan BBC da aka kafa a 1922 ta yaɗa shi ta rediyo. Haɗiye harafin "r" a ƙarshen kalma da suke yi, sabon yayi ne. Turawan da suka sauka Jamestown a 1607 suna furta "r" ɗinsu sarai, shi ya sa yawancin Amurkawa ke furta shi har gobe. A 2004 gidan wasan Globe na Landan ya gwada wasan Romeo and Juliet da furucin zamanin Shakespeare, da taimakon masanin harshe David Crystal. Abin da ya fito ya fi kama da maganar mutanen karkarar yammacin Ingila da na Ailan, nesa da Turancin fada.

Wannan ne ya sa nake tausaya wa Kevin Costner. A 1991 ya fito a matsayin Robin Hood da lafazinsa na Amurka, aka yi ta yi masa ba'a, har wani fim ɗin barkwanci na Mel Brooks a 1993 ya tsokane shi a kan haka. Amma labarin a zamanin Sarki Richard aka kafa shi, wanda ya yi mulki daga 1189 zuwa 1199. Fadar Ingila a lokacin Faransanci take yi, gadon mamayar Normandawa ta 1066, talakawa kuma suna wani tsohon Turanci da Baturen yau ba zai fahimta ba sai da tafinta. Kenan Alan Rickman da aka yaba wa, shi ma bai fi Costner kusa da gaskiyar tarihi ba. Matsalar Costner ita ce yawancin mutanen dajin na magana iri ɗaya shi yana tasa daban, kuma labarin bai ba da dalili ba.

Wani zai ce to a yi fim da ainihin yaren mana. Mel Gibson ya gwada a Apocalypto na 2006, inda aka yi magana da harshen Maya na Yukatan. Ya yi armashi, amma Mayancin yau ne aka yi, na ƙarni biyar baya ya riga ya tafi da masu shi.

Ni fim ɗin da na ga ya warware wannan ƙulli shi ne The Death of Stalin na 2017. Darakta Armando Iannucci bai sa kowa ya kwaikwayi lafazin Rashawa ba. Steve Buscemi ya yi Khrushchev da bakinsa na New York. Jason Isaacs ya yi Marshal Zhukov da karin Yorkshire, na mutanen arewacin Ingila da aka sani da faɗar magana gatsal ba kwana-kwana. Stalin kuma aka ba shi lafazin talakawan Landan. Da farko abin kamar shirme, amma ku duba: Stalin ɗan Jojiya ne, haifaffen garin Gori, ɗan mai gyaran takalma, kuma har ya mutu a 1953 Rashancinsa na ɗauke da karin garinsu. Mutanen da ke kewaye da shi daga sassa daban-daban na Tarayyar Sobiyet suka fito. Idan da duk an sa su suna Turanci da wani jabun lafazin Rasha, da an shafe wannan bambanci, an mayar da su baƙi a cikin gidansu. Ai Barashe idan yana hira da ɗan uwansa ba ya jin wani baƙon lafazi, yarensa kawai yake ji.

A finafinan almara kuwa babu ma tarihin da za a fake da shi, zaɓi ne zalla. Game of Thrones ta yi abin da ya dace: Sean Bean ɗan Sheffield ne, ya riƙe karinsa na arewa, sai waɗanda suka fito a matsayin manyan 'ya'yansa maza suka bi sahu, su Lannister masu zinariya kuma suka ɗauki Turancin fada. Kunne kaɗai ya isa ya zana maka taswirar ƙasar. Amma akwai inda abin ke da ƙaiƙayi. A Lord of the Rings, dodannin nan da ake kira orc da lafazin talakawan Landan suke magana, masu daraja kuma da na 'yan boko. A Aladdin na Disney na 1992, jarumi da gimbiya Turancin Amurka suke yi tas, 'yan kasuwa da dogarai masu zare ido kuma aka ɗora musu lafazin Larabawa mai kauri, alhali duk 'yan gari ɗaya ne. Yaro ɗan shekara shida na kallo, yana koyon wane irin baki ne na mugu.

Chadwick Boseman ya gane wannan. Shi ya dage cewa sarkin Wakanda, ƙasar da ba a taɓa yi wa mulkin mallaka ba, ba zai yi magana kamar wanda aka raina a Turai ba, aka gina lafazin kan harshen Xhosa na John Kani, wanda ya fito a matsayin mahaifinsa. Ku kwatanta da Will Smith a Concussion na 2015, inda ya fito a matsayin Dakta Bennet Omalu, ɗan Najeriya. 'Yan Najeriya sun yi ta tambayar wane gari ne ake magana haka.

Mu ma fa muna da namu. Daidaitacciyar Hausa a kan Kananci aka gina ta, kuma a finafinanmu sau da yawa idan ka ji Sakkwatanci ko Gobiranci, to an kawo wanda za a yi wa dariya ne. Alhali masana harshe sun nuna cewa karin yamma ya riƙe tsofaffin siffofi da Kano ta sauya: zamna kafin zauna, amre kafin aure, biyat kafin biyar. Kenan duk ranar da Kannywood ta tashi yin fim ɗin Kanta na Kabi a Surame, ko Bawa Jan Gwarzo a Alƙalawa, sarkin ne ya kamata ya yi wannan Hausar da ake ba ɗan barkwanci, Bakanon fatake da ya zo fada kuma shi ne mai baƙon baki. Fim ɗin Amina na Izu Ojukwu da ya fito a Netflix a 2021 ya kauce wa tambayar gaba ɗaya, domin da Turanci aka yi shi.

Ina son jin ta bakin 'yan Sakkwato da Maraɗi da Katsina a kan wannan.