Asalin Bindiga Mai Sakata

Tarihin bindigar da maharban Turai da Amurka ke alfahari da ita a yau, wadda ake janyo sakatarta da hannu a fitar da kwanson harsashi sannan a tura wani, ya faro ne daga ƙasar Jamus, inda wani maƙeri mai suna Dreyse ya ƙera irinta, sojojin Farusiya kuma suka karɓe ta a 1841. Amma kamalar wannan sana'a sai a garin Oberndorf, a gidan Mauser, domin samfurin da Paul Mauser ya fitar a 1898, mai cin harsashi biyar, ya zo da sakata mai ƙarfi da aminci, har maƙeran Landan irin su Rigby suka riƙa sayenta suna ɗora wa bindigogin farauta.

Daga bisani kamfanin Winchester ya fito da Model 70 a 1936, kamfanin Remington ya biyo da Model 700 a 1962. Mutanen wannan zamani kuwa himmarsu ta koma ga rage nauyi, alhali ma'abota harbi sun sani sarai cewa gwargwadon sauƙin bindiga gwargwadon naushin da take kai wa kafaɗa, kuma da wuya ta zauna daram a hannu lokacin saiti.