Fina-finai, waƙoƙi da sauyin yanayi: matsayin gawon Magarya da Dungas a labarin Sahel

Tun wajen shekaru 20 da suka gabata, mawaƙa da masu shirya fina-finai da masu ɗaukar hoto ke haɗa kai da masana kimiyya da ƙungiyoyin fararen hula domin jawo hankalin duniya kan sauyin yanayi. Yankin Sahel na cikin wuraren da suka fi mayar da hankali a kai. Ɗaya daga cikin manyan labaran da suke bayarwa kuwa, wato dawowar itatuwa a gonakin da aka ɗauka hamada ta cinye, yana da tushe a kudancin jihar Damagaram, a gundumomin Magarya da Dungas da maƙwabtansu.

Mene ne wannan haɗin gwiwa?

Masana na da alƙaluma kan ɗumamar duniya, sai dai alƙaluma ba su cika taɓa zuciya ba. Wannan ya sa ake neman masu fasaha su mayar da su abin da ido zai gani, kunne ya ji. A watan Disamban 2015, lokacin taron yanayi na COP21, mai fasaha Olafur Eliasson da masanin ƙasa Minik Rosing sun kawo manyan curin ƙanƙara 12 daga Girinlan suka jera a wani dandali na birnin Paris, jama'a na kallo suna narkewa. A Senegal, mai ɗaukar hoto Fabrice Monteiro ya haɗa kai da mai ɗinki Doulsy, suka ɗinka sutura da shara da tsofaffin komayen kamun kifi, suka ɗauki hotuna a wuraren da suka gurɓace. Sun sa wa aikin suna "The Prophecy".

Fina-finan da suka taɓo Nijar

Wanda ya fi shahara shi ne "The Great Green Wall" na Jared P. Scott, da aka fara nunawa a bikin fina-finai na Venise a 2019. A cikinsa mawaƙiyar Mali Inna Modja ta bi hanyar Babbar Ganuwar Itatuwa daga Senegal zuwa Habasha, ta ratsa Mali da Najeriya da Nijar. A hanya ta yi waƙa da Didier Awadi da ƙungiyar Songhoy Blues da Waje da Betty G. A Agadas ta zauna da matasan da ke neman ƙetara hamada. An yi fim ɗin da goyon bayan hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da gurgusowar hamada, UNCCD.

Na biyu shi ne "Marcher sur l'eau" na Aïssa Maïga, da aka ɗauka a ƙauyen Tatiste na yankin Azawak, aka nuna a bikin Cannes a 2021. Yana bin rayuwar wata yarinya mai tafiya mai nisa neman ruwa, yayin da manya suka tafi ci-rani, ƙauyen kuma na jiran a haƙa masa rijiyar burtsatse.

Na uku, "Der Waldmacher" na Bajamushe Volker Schlöndorff, ya shiga gidajen silima na Jamus a 2022. Labarin Tony Rinaudo ne, ɗan Ostareliya da ya fara yaɗa dabarar renon kututture a jihar Maraɗi daga 1983. A 2018 an ba shi lambar yabo ta Right Livelihood, shekara guda da manomin Burkina Faso Yacouba Sawadogo, wanda shi ma aka yi fim a kansa a 2010.

Abin da ya faru a Magarya da Dungas

Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, gonaki da yawa a kudancin Nijar sun zama fili fetal. Iska na binne shuka da rairayi, manomi ya shuka gero sau biyu ko uku kafin ya kama, mata na yin nisa neman itacen girki. Daga tsakiyar shekarun 1980 manoman yankin suka canza yadda suke sassabe. Maimakon a sare duk tohon da ya fito a gona a ƙone, sai a zaɓi mafi ƙarfi a bari, a rage rassan ƙasa, a kare shi daga dabbobi da gatari. Ana kiran wannan sassaben zamani, da Faransanci kuma RNA. Ba ya buƙatar gandun renon itace ko ban ruwa, domin saiwar ta riga ta kafu a ƙasa, ko kuma irin ya zo cikin kashin dabbobi.

Itacen da ya fi yawa a yankin shi ne gawo. Ya bambanta da sauran itatuwa domin yana kakkaɓe ganyensa da damina, don haka inuwarsa ba ta danne gero. Ganyen da ya zuba na zama taki, saiwarsa na ƙara wa ƙasa ƙarfi. Da rani sai ya yi kore, dabbobi su fake a ƙarƙashinsa su bar taki, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da ake sayarwa a kasuwa. Mutanen Damagaram sun daɗe da sanin darajarsa: tarihin baka na cewa Sarki Tanimun, a ƙarni na 19, ya sanya hukunci mai tsanani kan mai sare gawo.

A 2006 masanin gandun daji ɗan Nijar Mahamane Larwanou da abokan aikinsa, ciki har da Chris Reij na Holan, sun fitar da bincike kan yankin da ake kira "3M", wato Magarya da Matamaye da Mirya. Sun ƙiyasta cewa itatuwa sun dawo a kan hekta kimanin miliyan ɗaya. A lokacin Dungas na cikin gundumar Magarya, sai a 2011 ta zama gunduma mai zaman kanta. A faɗin Nijar, ƙiyasin da aka fi ambata shi ne hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200.

Rawar da hoto ya taka

Shekara da shekaru wannan aiki ya tafi ba tare da duniya ta lura ba, domin ba wani babban shiri ba ne mai allo a bakin hanya. Hoto ne ya fito da shi. Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka ya kwatanta hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama a 1975 da na tauraron ɗan Adam na shekarun 2000, aka ga itatuwa sun ƙaru a wuraren da jama'a ma suka ƙaru. Waɗannan hotuna sun shiga jaridu da taruka da fina-finai.

Tasirinsu ya kai ga Babbar Ganuwar Itatuwa. Da Tarayyar Afirka ta amince da shirin a 2007, tunanin farko shi ne dasa layin itatuwa mai tsawon kilomita kusan 8,000 daga Senegal zuwa Jibuti. Dashe da yawa a Sahel kan mutu saboda rashin ruwa da kulawa. Sannu a hankali aka karkata ga farfaɗo da gonaki da makiyaya ta hanyoyin da manoma suka gwada, kuma misalin Nijar na kan gaba. Burin shirin zuwa 2030 shi ne gyara hekta miliyan 100 da samar da ayyukan yi miliyan 10. Wani rahoton UNCCD na 2020 ya nuna cewa kimanin kashi 4 cikin ɗari kawai aka cim ma a ainihin yankin shirin. A watan Janairun 2021, a wani taro a Paris, masu ba da tallafi sun yi alkawarin fiye da dala biliyan 14.

Doka da mallakar itace

Babban abin da ke sa manomi ya reni itace shi ne tabbacin cewa nasa ne. A da dokar gandun daji ta ɗauki itatuwa irin su gawo a matsayin na hukuma, manomi na tsoron tara ko da reshe ya sare a gonarsa. Muhawarar ƙasa da aka yi a Maraɗi a 1984 kan hamada, da dokar karkara ta 1993, da dokar gandun daji ta 2004, sun buɗe hanya. A watan Yulin 2020 gwamnati ta fitar da wata doka ta musamman kan RNA, wadda ta amince da haƙƙin manomi a kan itacen da ya rena a gonarsa.

Giɓin da ya rage

Akasarin waɗannan fina-finai an shirya su ne domin masu kallo na Turai da Amurka da mahalarta manyan taruka. Manoman Bande ko Waca ko Dogo-Dogo da suka yi aikin da hannunsu ba su cika ganinsu ba, sunayensu kuma ba su cika fitowa ba. Alhali Damagaram na da nata kayan isar da saƙo: teyatur na Hausa da irin su Yazi Dogo suka ɗaukaka, da makaɗan noma, da gidajen rediyon karkara, da saƙonnin murya na WhatsApp da ke ƙetara iyaka zuwa Ɓaɓura da Maigatari a Najeriya.

Saƙon da ake buƙata a gida ya bambanta da wanda ake kai wa waje. Yankin na cikin mafi cunkoson jama'a a Nijar, gonaki na ƙanƙancewa wajen rabon gado, buƙatar itacen girki na ƙaruwa, ana kuma kukan masu saran itace a ɓoye. Gawon da aka yi shekara 20 ana reno, dare ɗaya ya isa a kayar da shi. Ranar 3 ga Agusta ta kowace shekara ana bikin dashen itace a Nijar, manoman Magarya da Dungas kuwa aikinsu na farawa tun lokacin sharar gona, sa'ad da ake zaɓar tohon da za a bari.